Kafin ki sayi manhaja, duba yadda kike rubuta tsarin jinya

Likita, sannu da ƙoƙari. Kin ce tsara jinyar marasa lafiya da bibiyarsu yana cinye miki lokaci, kina tambaya ko ma'aikaci za ki ɗauka ko manhaja za ki saya. Na jima ina aikin haƙori, kuma a ganina babu wanda zai sauƙaƙe miki a cikinsu muddin rabin tsarin yana cikin kanki.

Ga abin da nake nufi. Idan kika rubuta "aikin jijiya, sai hula", wato cire jijiyar cikin haƙori sannan a rufe shi da murfin da aka ƙera masa, ma'aikaciyarki sai ta dawo tana tambaya: wane haƙori? Zama nawa? Tazarar kwana nawa? Kin ga aikin ya sake komowa wurinki. Amma idan kika sa lambar haƙorin a tsarin FDI, tsarin duniya na ba kowane haƙori lambarsa, misali 36, wato mataunin farko na ƙasa ta hagu, kika rubuta tsawon kowane zama da abin da zai riga wani, to ta samu abin riƙewa. Jerin ma sananne ne: a fara kashe ciwo da ƙwayar cuta, sai a gyara dasashi a cike ramuka, sannan a zo kan hula ko dashe, wato kafa ƙirarren haƙori a cikin ƙashin muƙamuƙi. Ki rubuta har lokacin jira. Bayan wankin ƙasan dasashi akan sake dubawa cikin mako 4 zuwa 8, dashe kuma yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya kama ƙashi. Wannan tazarar ce marasa lafiya suka fi ɓacewa a cikinta, domin ciwo ya lafa, sun ɗauka an gama.

Da zarar tsarin ya fita haka, sai ki sakar wa mutum ɗaya, ba kowa da kowa ba, bayanin kuɗi, neman amincewar inshora, sa ranar dawowa, da bin masu ƙera haƙora don kada mutum ya zo hularsa ba ta iso ba. Abin haushi ne a ɓata zama guda a kan wannan.

Manhaja irin su Open Dental da Dentrix suna iya fitar da sunayen waɗanda aka tsara wa aiki ba su sa rana ba, su kuma tura saƙon tunatarwa. Wannan jerin shi ne ya fi komai amfani a wurina. Sai dai saƙo ba ya jin dalilin da ya hana mutum dawowa. Ko tsoron allura ne, ko kuɗi, sai an kira shi an ji ta bakinsa.

Abin da ba na sakin wa kowa shi ne gano cutar, sauya tsari, da bayanin haɗarin aiki kafin mutum ya amince. Haka idan mara lafiya ya ce ya fara shan maganin tsinka jini kamar warfarin, ko maganin ƙarfin ƙashi, alhali akwai cire haƙori a gabansa, umarnina shi ne a dakata a sanar da ni kafin a sa masa rana.

Ki ware ɗan lokaci sau ɗaya a mako, ku zauna ke da mai bibiyar ku bi jerin sunayen nan tare. Duk tambayar da kika ga tana maimaituwa, ki mayar da ita gurbi a takardar tsarin.