Ba ciwon fata ba ne, ɓeran da ka bar mata ne ya ci bayan mesarka

TAMBAYA

Assalamu alaikum Dakta. Ina zaune a Aboabo, nan Kumasi. Ina da ƙaramar mesa, irin wadda take dunƙulewa idan ta tsorata, kusan shekara guda ke nan tana hannuna. Wanda ya sayar mini da ita ya ja mini kunne kada in kuskura in ba ta mataccen ɓera, wai sai mai rai, domin wanda ya kwana a firiza jininsa ya mutu kuma zai ruɓar mata da ciki. Yanzu sati 6 ke nan ta ƙi cin komai. Sai na bar mata ɓera ya kwana a akwatinta ko za ta kama cikin dare. Da safe na tarar da ɓeran lafiya lau, ita kuwa bayanta ya ɗaye wuri uku har ana ganin jan nama. Mai sayarwar ya ce ciwon fata ne, in shafa mata baƙin mai. Wallahi hankalina a tashe yake. Mutuwa za ta yi? Kuma wanne ne daidai, mai rai ko na firiza?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Idan har yanzu ɓeran nan yana cikin akwatin, ajiye wayar ka je ka fitar da shi, sannan ka dawo. Baƙin mai kuma kada ya kusanci dabbar nan. Abin da ka gani ba ciwon fata ba ne, cizon ɓera ne. Cin ta ya yi ta yi tana kwance.

Kwashe duk abin da ka shimfiɗa mata, ƙasa ce ko garin katako, ka sa farar takarda ko tsohuwar jarida da za ka riƙa canzawa kullum. Wanke raunin da ruwan gishiri na kemis, ka bi da aidin ɗin wanke rauni da aka surka da ruwa har ya koma launin shayi marar madara. Kada ka barbaɗa mata garin kafso, kada ka sa maganin wanke bayan gida ko na goge daɓe, don irin waɗannan suna yi wa masu jan ciki lahani. Sannan ka kai ta wurin likitan dabbobi a yau ko gobe. Idan cizon ya tsaya a fata da saman nama, yawancinsu suna warkewa, sai dai a hankali, saɓa bayan saɓa, kuma tabon ba ya ɓacewa. Idan kana hango farin ƙashi a tsakiyar baya, magana ta girma. Mugunyar maciji ba ta tsiyaya irin tamu, daskarewa take a ƙarƙashin fata, har fatar ta rufe a kanta mai ita yana murna an warke. Shi ya sa nake son ido ya gan ta, ba hoto a WhatsApp ba.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta fi ci mini rai, domin ita nake fama da ita kusan kullum: wai maciji mafarauci ne, ɓera ba zai iya yi masa komai ba. Wannan magana ta kashe mesa a garin nan fiye da kowace cuta da na taɓa dubawa. Mesa ba ta kisa don fushi, ba ta kisa don an dame ta. Tana kai sara ta naɗe ne kawai idan yunwa ta motsa, jikinta ya ɗumama, wurin ya yi mata duhu da tsit. In ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓaci, ɓeran da ke gabanta ba abinci ba ne a wurinta, abin tsoro ne. To me wannan nau'in yake yi idan ya tsorata? Kai ka faɗa da bakinka: dunƙulewa. Ta cusa kanta a tsakiya, ta bar gadon bayanta a waje, ta yi shiru tana jiran abin ya wuce. A dawa abin yana wucewa, domin ɓera yana da hanyar gudu kuma gudun zai yi. A akwati ina zai je? Dare ya yi, yunwa da ƙishirwa sun kama shi, haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro muddin yana raye, dole ya sami abin gurgura. Ga nama a kwance ba ya motsi. Sai ya fara ɗanɗanawa. Ba a hana shi ba, sai ya ci gaba. Na ga mesar da aka ci mata baya tun daga wuya har kusa da wutsiya, ƙashi a fili, kuma tana numfashi. Mai ita yana ta rantsuwa cewa sammu aka yi mata.

Za ka ji masu cewa ai su suna tsayawa a kai har ta kama. Gwamma su da masu barin ɓera ya kwana, amma haɗarin bai kau ba. Binciken da Scott Boback da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2015 ya nuna matsar da irin waɗannan macizai suke yi gudun jini take tsayarwa, ba numfashi take toshewa ba, don haka abin yana sauri. Amma duk saurinsa, idan ta kama ɓeran ta ƙugu kansa ya tsira a waje, yana da isasshen lokacin da zai kafa mata haƙori a ido, a leɓe ko a dasashi. Ciwon bakin da ke hana mesa ci wata da watanni sau da yawa daga nan yake farawa. Kai da kake tsaye, kafin hannunka ya kai an riga an gama.

Kuma ina so ka tambayi kanka: wa ke cin ribar wannan ƙarya? Wanda yake sayar maka da ɓera mai rai duk sati, wanda idan mesar ta mutu zai kawo maka wata. Mutum bai taɓa buɗe cikin maciji ya ga abin da ke ciki ba, amma yana zaune yana yanke hukunci a kan jinin da ya mutu da jinin da bai mutu ba. Ƙanƙara ba ta cire wa ɓera nama, ba ta cire kitse, ba ta narkar da ƙashin da mesa ke samun sinadarin gina nata ƙashin daga gare shi. Hanta, hanji, gashi, duk suna nan. Manyan gidajen ajiye namun daji na duniya da mataccen abinci suke ciyar da macizansu shekara da shekaru, kuma suna hayayyafa. Abu ɗaya ne ke da ƙamshin gaskiya a maganarsa: idan ka ba ta ɓeran da waje ya saki amma cikinsa da sauran ƙanƙara, ko wanda ya yini a rana ya fara wari, za ta iya amayar da shi. Wannan laifin mai narkarwa ne, ba na firiza ba.

Sati 6 ɗin da suka tayar maka da hankali har ka aikata wannan, a wurin wannan nau'in ba komai ba ne. Mesar nan 'yar ƙasa ce. Daga Ghana, Togo da Benin ake fitar da ita zuwa Turai da Amurka, ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji. A dawa cikin ramukan ɓeraye da tsofaffin suri take yini, kuma idan hunturu ya shigo, lokacin barbararsu, babba mai lafiya, musamman namiji, yakan yi wata biyu, uku, har fiye bai ci ba. Haka idan za ta yi saɓa, ka ga idon ya yi fari-fari, ba ta ci. Abin dubawa nauyi ne. Sami ƙaramin sikelin kicin ka riƙa auna ta duk sati biyu kana rubutawa. Muddin ba ta zubar da kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinta ba, kuma ƙashin bayanta bai fito ya yi tsini ba, ba gaggawa. Duba ɗumin akwatin kuma: gefe ɗaya ya kai digiri 31 zuwa 32, ɗayan ya fi sanyi, kowanne da maɓoya mai matse jiki. Kumasi da zafi, na sani, amma akwatin da ke kan tayil a ɗaki mai fanka da asubahin hunturu sanyi ne da shi.

Ba ka faɗa mini inda kake samo ɓerayen ba, kuma ina jin tsoron amsar. Idan yara ne suke kamo maka a kwata ko a bayan shagunan hatsi, ka daina yau. Rabin unguwa na zuba maganin ɓera. Irin wanda ya fi yawa yanzu yana hana jini daskarewa ne, kuma ba ya kashewa nan take. Ɓera yakan yi kwanaki yana yawo da gubar a hantarsa, jikinsa a mace. Wane ɓera ne yaro zai iya kamawa da hannu in ba irin wannan ba? Mesa ta haɗiye shi, ta haɗiye gubar. Bayan haka ga tsutsar ciki. Ga kuma lafiyarka kai kanka da ta mutanen gida: ɓeran nan mai nonuwa da yawa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa a fitsarinsa da kashinsa, kuma a farkon 2023 cutar ta ɓulla a Accra. Ɓeran da za a ba maciji, wanda aka kiwata a keji ne, aka san abin da ya ci.

Ga yadda ake yi da na firiza. Zaɓi wanda kaurinsa bai wuce inda mesar ta fi kauri ba. Ciro shi tun daren jiya ka sa a cikin leda ɗaurarriya a can ƙasa cikin firji, ko ka tsoma ledar a ruwa mai sanyi na wasu awoyi. Latsa cikinsa da yatsa. In ka ji tauri ko sanyi a tsakiya, bai yi ba. Bayan ya saki sarai, sai ka tsoma ledar a ruwan ɗumi, kamar digiri 40, na minti 10 zuwa 15. Ban da tafasasshen ruwa, ban da na'urar ɗumama abinci, don tana dafa wani wuri ta bar wani, har cikin ya fashe. Ɗumin nan shi ne sirrin, domin ƙananan ramukan da kake gani a jere a leɓenta na sama zafin jiki suke ji, da su take auna inda za ta kai sara cikin duhu. Ka ƙara ɗumama kan ɓeran fiye da sauran jikin. Bayan isha'i, ka rage haske, ka riƙe shi ta ƙeya da dogon hantsaki, ba da hannu ba, ka ɗan motsa shi a ƙasa a bakin maɓoyarta. Kada ka riƙa dungura mata shi a fuska. In ba ta kama ba, ajiye shi nan ka rufe ka tafi. Mataccen ɓera ba ya cizo. Da safe in yana nan, shara ce, ba ya komawa firiza. Ka jira sati guda kafin ka sake gwadawa, don tayi kullum ƙara mata tsoro yake.

Wadda aka kamo daga dawa, kuma ina kyautata zaton taka ita ce, takan yi taurin kai, domin ba ta san farin ɓera ba. Akan fara mata da wanda aka kashe yanzu-yanzu da ɗuminsa, ko a goga na firizan a shimfiɗar kejin ɓeraye ya ɗauki wari, ko a huda ƙoƙon kansa kaɗan. Ɗan tsako na kwana ɗaya, da ba ya wuyar samu a Kumasi, yakan buɗe wa wasu baki, amma kada ya zama abincin kullum. Idan ta ci, kada ka ɗauke ta sai bayan kwana 2. Mai girman taka sau ɗaya a kwana 7 zuwa 10 ya ishe ta. Duk wannan sai bayan likita ya ga raunin.

Na san za ka ce ina wuta. Firiza cikakkiya da ba a buɗewa takan riƙe sanyi kusan kwana 2 idan dumso, wato ɗaukewar wuta, ya zo, mai rabin kaya kuwa kwana 1. Cika gurbin da robobin ruwa su daskare. Kada ka tara fiye da na wata 2 ko 3, ko da yake a sanyi mai kyau yana kai wata 6. Wanda ya narke ya sake daskarewa, zubar da shi. Kuma ka sani ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, kwantar da ita kawai take. Don haka ɓeran nan ba ya shiga firizar da iyali ke ajiye nama da kifi, balle ta gidan haya da kowa ke sa hannu. Kwanon narkarwa nasa daban, sabulu bayan kowace taɓawa, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma ba ruwansu da mesar ko abincinta.

Hukuncin ajiye maciji a gida ka kai wa malamai, wannan fagensu ne. Nawa shi ne rai biyu da ka kulle a akwati ɗaya. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, yana cikin Bukhari da Muslim. A Muslim kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za a kashe a kyautata kisan. Ɓeran ma yana da haƙƙi. Masu jefa shi a firiza da ransa, ko su nutsar da shi a bokiti, ko su taru da wayoyi suna ɗaukar bidiyon yadda yake kuka a bakin mesa don a yi ta yaɗawa, su ji tsoron Allah. In za ka kiwata ɓerayenka da kanka, ka zo likitan dabbobi ya nuna maka yadda ake kashe su nan take ba tare da azaba ba.

Idan za ka kawo ta, sa ta a rigar filo mai tsabta, ka ɗaure bakin, ka ɗora a cikin kwali, kada rana ta buge ta a mota. Ka zo da hoton akwatin da take ciki, da ranar da ta ci abinci na ƙarshe. In kafin nan ka ga tana buɗe baki tana numfashi, ko yawu mai kumfa, ko cikinta ya yi ja, kada ka jira gari ya waye.