Bashi ya yi mini katutu, ina addu'a shiru: yaya ake dogaro ga Allah a wannan hali?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi, nan Gombe. Da kaka na karɓi kuɗin mutane na sayi masara na ajiye, sai farashi ya karye. Masu kuɗi sun matsa har na daina ɗaga waya, barci ya ƙaurace mini. Ina ta addu'a ban ga sauyi ba, ga wani aboki yana cewa zai kai ni wurin mai duba a rufe musu baki. Yaya zan yi tawakkali?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yaye maka, ɗan'uwa, ya rufa asiri.

Batun mai duba, kada ka je. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Kuma abin da ake so a yi maka zalunci ne, domin bakin masu hakki za a rufe. Ga kuɗin aiki da zai karɓa daga ɗan abin da ya rage maka.

Tawakkali aikin zuciya ne: ka sakankance cewa mafita a hannun Allah take, alhali jikinka yana kan neman ta. Dubi hijirar Manzon Allah (SAW) a shekarar 622. Madina tana arewa da Makka, amma ya fara yin kudu zuwa kogon Saur, ya kwana 3 a ciki. Ya ɗauki hayar ɗan jagora, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ. Asma'u 'yar Abubakar ce ta haɗa guzuri, Amir ɗan Fuhaira kuma yana koro tumaki su ɓata sawu. Bayan duk wannan shiri, da masu nema suka tsaya a bakin kogo, ya ce wa Abubakar kada ya yi baƙin ciki, Allah yana tare da su, kamar yadda ya zo a Suratut Tauba aya ta 40. Kashe waya da ɓuya wa masu hakki ba sa cikin irin wannan shirin.

Abu na farko, ka tantance wane irin kuɗi ka karɓa, domin a nan mutane da yawa suke kuskure. Idan rance ne, biya ya wajaba a kanka cif, ko an ci riba ko an faɗi. Idan kuwa jari aka ba ka a kan za a raba riba, wato ƙiradi, to asara tana kan mai dukiya ne, kai wahalarka ce ta tafi, matuƙar ba ka yi sakaci ba kuma ba ka saɓa sharaɗin da aka gindaya maka ba. Ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki ainihin kalmomin da kuka yi yarjejeniya da su, ya duba maka.

Daga nan ka ɗauki takarda ka rubuta sunan kowa da abin da yake bin ka, ka shiga sito ka ƙirga buhuna, ka buɗe wasu ka ga ko ƙwari sun fara ci. Masarar da ake jira da ita farashi ya tashi tana iya rage nauyi ta koma gari, asara ta zama biyu. Ka nemi dattijo ɗaya daga shugabannin kasuwa ko limamin unguwarku, ku taka ku sami masu kuɗin ɗaya bayan ɗaya. Ka faɗi abin da za ka iya bayarwa yanzu da abin da za ka riƙa bayarwa duk wata, a rubuta, shaidu 2 su sa hannu, bisa umarnin Baƙara aya ta 282. Aya ta 280 ta ɗora wa mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci, amma ba zai san ƙuncinka ba in kana gudunsa. Kada ka yarda a ƙara ko sisi saboda jinkiri, wannan riba ce ta haram. Kuma wanda bashi ya danne yana cikin kashi 8 na masu cin zakka a Tauba aya ta 60, don haka karɓarta ba abin kunya ba ne. Buhari ya ruwaito cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya, Allah zai biya masa.

Sai addu'o'i. Na safe bayan Asuba ake yin su kafin rana ta fito, na yamma bayan La'asar. Ka karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi sau 3 kowacce, sai "Bismillahil lazi la yadurru ma'asmihi shai'un fil ardi wa la fis sama'i wa huwas Sami'ul Alim" sau 3. Don bashi, riƙe wadda Sayyidina Aliyu ya koya wa wani bawa da ya kasa biyan kuɗin fansar kansa: "Allahummakfini bi halalika an haramika, wa agnini bi fadlika amman siwak." In ƙirji ya ƙuntata, ga addu'ar Annabi Yunus a Anbiya'i aya ta 87: "La ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin." In barazana ta zo, "Hasbunallahu wa ni'imal wakil", wadda Ibn Abbas ya ce Annabi Ibrahim ya faɗa lokacin da aka jefa shi wuta. Waɗannan ukun ba a ƙayyade musu adadi ba, kada wani ya ɗora maka dubbai ya ce sai da su. Da za ka kwanta, Ayatul Kursiyyu da ayoyi 2 na ƙarshen Baƙara. Roƙonka na kanka, da Hausa, ka kai shi sulusin dare na ƙarshe da tsakanin kiran salla da iƙama.

Ka ce kana yi shiru. Abu uku suka fi kawo cikas: gaggawa, domin hadisi ya ce ana amsa wa mutum matuƙar bai ce "na roƙa ba a amsa mini ba", cin haram, kamar tauye mudu ko cakuɗa tsohuwar masara da sabuwa, da karatu da baki zuciya tana wurin lissafi. Amsar ma ba fuska ɗaya take zuwa ba. A ruwayar Ahmad, ko a ba ka abin nan take, ko a ajiye maka shi a lahira, ko a tunkuɗe maka wani sharri kwatankwacinsa. Kariyar Allah ba ta nufin jarrabawa ba za ta taɓa ka ba, Annabi (SAW) da kansa an ji masa rauni a Uhudu yana sanye da sulke biyu.

Rashin barcin nan kada ka raina shi. In ya kai mako 2, ko ka daina cin abinci, ko ciwon kai ya dame ka, je asibiti a auna jininka, ka gaya wa likita halin da kake ciki. In tunanin cutar da kanka ya taɓa zuwa maka, ka faɗa wa wani na kusa a ranar, ku tafi tare. Ka kuma sanar da uwargida gaskiyar lamarin kafin ta ji a bakin masu sallama a ƙofar gida. Wallahu a'alam.