Amsa ta murya: yadda za ka ajiye ƙafafun keke a ɗakin gyara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ɗan'uwan da ya yi tambaya ɗazu, wanda ya ce ƙafafun keke sun yi masa yawa ya jingine su a kusurwar ɗakin da yake gyara, kuma an faɗa masa wai in ya rataye su rim zai lanƙwashe, to Malam ga amsarka. Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na yi murya.

Ka rataye su, ba abin da zai sami rim. Ƙafar keke da tayarta da komai, yawanci kilo 1 ce zuwa 2, ta baya mai giya ta ɗan fi nauyi. Ita ce fa take ɗaukar ƙaton mutum da kayansa, tana faɗawa ramuka tana fita. Sifok 32 ko 36 duk a ɗaure suke tamau, suna jan rim ta kowane ɓangare. Nauyin kanta ba zai yi mata komai ba.

Jinginawar nan da ka yi, ita ce take ɓarna. Aksil ɗin wannan ya kutsa cikin sifok ɗin waccan, haƙoran giya suna kankare rim ɗin maƙwabciya, kai kuma kullum wadda kake so tana tsakiya, sai ka fizga, sifok ya tanƙware. In akwai masu faifan birki abin ya fi muni, don faifan nan kaurinsa wajen milimita 2 ne kacal. Ya ɗan karkace kaɗan, shi ke nan, kowane juyi sai ka ji shik, shik, yana shafar birki.

Ka samu katako mai ƙwari ka kafa a bango ko a sama, ka ɗaura masa ƙugiyoyi masu rufin roba. In na ƙarfe zalla ka samu, yanko tsohon tiyub ko guntun tiyo ka zura musu, kada su ƙarje rim. Tsakaninsu santimita 15 zuwa 20, amma dabarar ita ce ɗaya sama ɗaya ƙasa, yadda cibiyoyin ba za su yi karo ba. Da haka sai ka ga bango guda ya cinye ƙafafun da dā suka hana ka wucewa. Wasu bututun ƙarfe suke gittawa su zuba masa ƙugiyoyi masu zamewa, shi ma ya yi. Ƙugiya a rim take kamawa, tsakanin sifok biyu, nesa da bawul. Kada ka rataye ta sifok. In kana da rim na kabon mai zurfi, wato irin marar nauyin nan da ba na ƙarfe ba, shi ɗamara mai laushi za ka zagaya masa.

To yanzu ga inda nake so ka saurara da kyau, don nan mutane suke yin sakaci. Ƙafar da ba a rubuta mata komai ba, bayan shekara guda kai kanka ba za ka gane ta ba. Kuma kada ka dogara da inci, inci yana yaudara. Abin da ake kira 26 ba iri ɗaya ba ne: akwai 559 na keken hawan dutse, akwai 590 na tsofaffin kekunan gari, tayar wannan ba ta hawa rim ɗin wancan ko za ka kwana kana dannawa. Haka 28, akwai 622, akwai 635 na manyan kekunan nan masu birkin sanda. Wanda ake kira 700C da wanda ake kira 29, dukkansu 622 ne. Shi kuwa 27 na tsofaffin kekunan tsere 630 ne, wato ya fi wani 28 ɗin girma. Ka ga rikici. Duba gefen taya, za ka ga lamba biyu kamar 37-622 ko 40-635. Ta farko faɗin taya ce a milimita, ta biyu girman rim, ita ce gaskiyar. Ranar da ka cire taya daga rim, sau da yawa lambar ta tafi da ita, don haka kafin ka cire ka rubuta.

Guntun kwali da zare sun isa, ka ɗaura a sifok. Bayan girman rim, ka sa faɗin cibiya daga goro zuwa goro: ta gaba galibi milimita 100, ta baya 130 a keken tsere mai birkin rim, 135 a na dutse na dā, sababbi masu aksil mai kauri 142 ko 148. Ka sa ko giyar mai murɗawa ce ko mai zurawa, da yawan faifanta. Sannan, wannan ina roƙonka, ka rubuta ciwonta. Boris na ƙara, sifok biyu sun tsinke, rim na rawa, duk ka rubuta. In ba haka ba wata rana cikin sauri za ka ɗaura wa wani ita, ya hau titi da ƙafa mai laifi. Masu lafiya a gefe guda, gaba da baya tare kamar yadda suka zo, masu jiran gyara a ɗaya gefen. Wadda rim ɗinta ya tsage wajen ramin sifok, ko birki ya ci gefensa har ya yi kwari, ba ta cancanci ƙugiya ba. Kwance ta, ka ɗauki cibiya in tana da kyau, rim ya tafi.

Goro da washa da 'yan sifirin nan na sandar ɗaure ƙafa, ka mayar da su kan aksil ɗinsu, ko ka ƙulla a 'yar leda ka maƙala a jikin ƙafar. Su ne suke fara ɓata.

Sai roba. Rana da zafi suna tsattsaga taya, fetur da mai suna cin ta, kuma injin lantarki da na walda suna fitar da iskar ozon wadda take sa roba ta yi saurin tsufa, saboda haka bangon da ke nesa da su da taga za ka zaɓa. Ka bar 'yar iska a ciki, kada tiyub ya naɗe. Masu taya marar tiyub, ruwan toshe huda da ke ciki yana bushewa cikin 'yan watanni, sai ka duba kafin ka hau. Faifan birki kuwa, ka rufe shi da leda mai tsabta ko ka kwance shi ka sa cikin kwali, don feshin mai kaɗan in ya sauka a kansa birki ya daina kamawa. In ɗakin yana da danshi, shafa ɗan giris a zaren aksil, musamman ƙafafun masu rim na ƙarfe ka riƙa leƙa su saboda tsatsa.

In ka kafa katakon, turo mana hoto mu ga tazarar. Sai an jima.