Wayarki ba ta da hanci: tambayoyinku kan yoyon gas

Tambaya: Malam, na sauke wata manhaja da ta ce tana gano yoyon gas idan na kara waya jikin tukunyar gas. Da gaske ne? (Wata uwargida, Zariya)

Amsa: Hajiya, goge ta kafin ki ɗora girkin dare. Irin waɗannan manhajoji suna ci mini tuwo a ƙwarya. Wayarki tana da kyamara da makirfo da GPS, amma babu abin sansanar iska a cikinta. Allurar da kike gani tana rawa wasa ne, talla suke so ki kalla.

Dubi yadda masu aikin gaske suke yi. Ƙungiyar kare muhalli ta EDF a Amurka ta haɗa kai da Google da Jami'ar Jihar Kolorado, suka ɗora na'urorin auna iskar metan (gas ɗin da ke bin bututan ƙarƙashin titi) a motocin Street View, masu ɗaukar wa taswirar Google hotunan tituna. Mota na tafiya, bututu na zuƙo iskar titi, na'ura na auna ta da hasken lesa. Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da metan kusan kashi 2 cikin miliyan, don haka duk inda lamba ta yi tsalle sai a yi alama a taswira, a kuma sake bin titin wata rana don a tabbatar. A taswirorin da suka fitar a 2014, a birnin Boston, mai tsofaffin bututan gas na ƙarfe, sun sami kusan yoyo ɗaya a kowane mil. A Indianapolis, da ta sabunta nata, ɗaya ne a mil 200. Na'urar dubban daloli ce, ke kuma wai kin samu a kyauta!

Sannan gas ɗin tukunyarki ba metan ba ne, furofan da butan ne. Sun fi iska nauyi, ƙasa suke kwanciya. Sayi ƙararrawar gas ki kafa ta kusa da daɓe, ki riƙa shafa ruwan sabulu a bakin tiyo. In ya yi kumfa, rufe tukunya, buɗe taga, kada ki taɓa makunnin lantarki.

Tambaya: Zan iya haɗa MQ-4 da Arduino in auna metan a titunan unguwarmu? (Ɗalibi, Maraɗi)

Amsa: MQ-4, ɗan abin sansanar metan da ake haɗawa da allon lantarki na Arduino, ba ya farkawa sai metan ya kai ɗaruruwa cikin miliyan, kuma zafi da damshi na ruɗa shi. Yi ƙararrawar garejin motocin CNG (masu amfani da matsattsen gas ɗin metan) da shi, ka liƙa ta sama, don metan tashi yake. Bar shi a kunne ya kwana kafin ka yarda da lambobinsa.

Tambaya: Akwai shafin da tauraron ɗan'adam zai nuna mini yoyo a layinmu? (Mai karatu, Kaduna)

Amsa: Bayanan Sentinel-5P, tauraron da ke auna metan daga sama, kyauta ne, amma ɗigo ɗaya a hotonsa ya haɗiye kilomita da dama. Layinku bai kai ba, Alhaji.