Wane ne Uri Avnery, ɗan Isra'ilar da ya gana da Arafat?

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai wani Bayahude ɗan Isra'ila da ya je wurin Yasser Arafat ana tsakiyar yaƙi. Da gaske ne? Wane ne shi?

Amsa: Da gaske ne, sunansa Uri Avnery. A watan Yulin 1982, lokacin da sojojin Isra'ila suka yi wa Beirut ƙawanya, ya tsallaka fagen daga ya shiga yammacin birnin, ya zauna da Arafat suka yi doguwar hira. Da ya koma gida, wasu 'yan siyasa suka nemi a gurfanar da shi bisa cin amanar ƙasa, mahaifiyarsa kuma ta cire shi daga gadonta.

Abin da ya kamata ka sani, ɗan'uwa, shi ne mutumin nan ya san yaƙi ciki da bai. An haife shi a Jamus a 1923, iyayensa suka gudu da shi Falasɗinu a 1933 bayan hawan Hitler mulki. Yana ɗan shekara 15 ya shiga ƙungiyar 'yan bindigar Yahudawa ta Irgun, daga baya ya fice. Ya yi yaƙin 1948 har aka ji masa mummunan rauni. Daga nan ya gane cewa Falasɗinawa al'umma ce da ba za ta gushe ba, dole su samu ƙasarsu a gefen Isra'ila. Ya faɗi haka tun zamanin da ake ganin maganar hauka ce.

Shekara 40 ya yi yana jagorantar mujallar HaOlam HaZeh, yana tona asirin masu mulki. An zaɓe shi majalisar dokokin Isra'ila, wato Knesset, a 1965. A 1993 shi da wasu suka kafa ƙungiyar neman zaman lafiya ta Gush Shalom, wadda ta nemi a ƙaurace wa kayan da ake yi a matsugunan Yahudawa na yankunan da aka mamaye, a kuma raba Ƙudus ta zama babban birnin ƙasashe biyu. A 2003 ya je hedikwatar Arafat a Ramallah ya zauna, don jikinsa ya zama garkuwa.

Amma kada ka ɗauka ya juya wa Isra'ila baya. Mai kishinta ne, kuma bai yarda da narkar da ɓangarorin biyu cikin ƙasa ɗaya ba, abin da ya sa wasu Falasɗinawa ke ganin bai kai inda ya kamata ba. A ganina, darajarsa tana ga yadda ya faɗa wa mutanensa gaskiya yana zaune a cikinsu, har sai da aka daɓa masa wuƙa a 1975. Ya rasu a Tel Aviv a watan Agustan 2018, yana da shekara 94.