Horon masana abinci a Amurka: amsa ga ƙanwata mai shirin tahowa

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce kin gama digirin ilimin abinci a gida, kin yi shekarar sanin makamar aiki a asibitin koyarwa, yanzu kuma kin ga wata kwaleji a nan Amurka tana ɗaukar masu neman horon aiki, kina son jin nawa suke biya a wata, kuma ko za ki iya nema kai tsaye.

Sai da na yi dariya da na karanta tambayar farko, don ni ma da ita na zo. Ba sa biya, ƙanwata. Ke ce ma za ki biya su. A gida mun saba mai horo a asibitin gwamnati yana karɓar ɗan albashi, amma a nan yawancin wuraren ɗaliba suke ɗaukarki: ki zuba dubban daloli na kuɗin makaranta, ki yi aikin kusan awa 40 a mako, ki koma ɗaki aljihu wayam. Asibitocin tsofaffin sojoji suna ba da alawus, sai dai sharaɗinsu ki zama 'yar ƙasa, don haka ki cire su daga lissafi.

Ga yadda abin yake. Shaidar ƙwarewar da ake nema sunanta RDN, wato masanin abinci mai rajista, hukumar CDR mai yi wa masana abinci rajista ce ke ba da ita bayan an ci jarrabawa mai tambaya 125 zuwa 145. Kafin a bar ki ki zauna jarrabawar sai kin yi aƙalla awa 1,000 na aiki a ƙarƙashin idon ƙwararre, a shirin da ACEND, hukumar da ke tantance karatun ilimin abinci a nan, ta amince da shi. Da awa 1,200 ne, aka rage. Sannan tun ranar 1 ga Janairu 2024 digirin farko bai isa ba, sai da digiri na biyu. Duk wanda ya ba ki labarin yadda ya yi kafin wannan shekarar, tsohon zance ya ba ki, ko da da zuciya ɗaya ya faɗa.

Batun nema kai tsaye kuwa, nan ne ƙafar mutanenmu ke sarƙewa. CDR ba ta da yarjejeniya da Najeriya, saboda haka shekarar da kika yi a asibitin koyarwa ba za ta shiga ƙidaya haka kawai ba. Wasu makarantun sukan duba aikin da mutum ya taɓa yi su rage masa awoyi, amma ganin damarsu ne. Takardunki kuma sai wata hukumar tantance digirin ƙasashen waje, irin su WES, ta auna su. Idan horon zalla kike nema, za a tambaye ki takardar shaidar DPD, wato shaidar kin yi darussan da ACEND ta gindaya a makarantar da ta sani. Digirinki na gida ba ya zuwa da ita. Sai wata makaranta ta duba sakamakonki, ta ce ga kwas kaza da kaza da suka rage, ki biya ki yi.

Shi ya sa shawarata guda ce: ki bar horon zalla, ki nemi jami'ar da ta ɗinke digiri na biyu da awoyin nan a shiri ɗaya, yawanci wajen shekara biyu. Da dama daga cikinsu ba sa neman DPD, darussan share fage kawai suke dubawa. Uwa uba, jami'a ce ke iya ba ki takardar I-20 da ake neman bizar ɗalibi da ita. Horon da asibiti ke gudanarwa shi kaɗai sau da yawa ba shi da wannan ikon. Na san wadda aka ɗauka, aka yi ta barka, daga baya aka ce mata ai ba sa ba da takardar biza. Kafin ki kashe ko kwabo a shafin DICAS, inda ake tura takardun nema, ki rubuta wa shugabar shirin tambaya biyu: kuna ba da I-20? Ku ne ke nemo min wuraren horo ko ni? Ta biyun ba wasa ba ce. Akwai shirye-shiryen da ke cewa ke za ki nemo ƙwararren da zai duba aikinki, kuma baƙuwar da ba ta san kowa ba, wa za ta ƙwanƙwasa wa ƙofa?

Shi aikin kansa kashi uku ne: ɗakunan marasa lafiya, kicin ɗin asibiti, da aikin cikin al'umma kamar ofisoshin WIC, inda ake kula da abincin masu ciki, masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Wannan na ƙarshen ba zai ba ki wuya ba, wanda ya auna damtsen yara a asibitin sha-ka-tafi ya riga ya ga jiya.

Ɗakin marasa lafiya ne ya gwada ni. Makona na biyu aka ba ni wani dattijo da ake ciyar da shi ta bututu, aka ce in lissafo abincinsa. Nauyinsa a fam aka faɗa min, ni kuma garin sauri na manta ban raba da 2.2 ba, na fito da abin da zai ishi mutum biyu. Matar da ke duba ni ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗora yatsa a kan lambar, ta ce in sake karanta mata da ƙarfi. Ban kai ƙarshe ba na ji gumi ya keto min. Ba abin da zai isa ga majinyaci sai ta sa hannu a ƙasan nawa, kuma ma'anar horon ke nan. Tun daga ranar, kilo nake fara rubutawa a saman takarda.

A kicin kuwa ƙarfe 5 na asuba ta same ni a tsaye, da ragar gashi a kan ɗankwali, ina soka ma'aunin zafi a cinyar kaza in ga ta kai 165 a ma'aunin Faranhait. Za ki ci karo da naman alade a layin tire, kuma ɗanɗana girki yana cikin aikin. Tun ranar farko na faɗa musu abin da ba na kaiwa baki, da kuma cewa ina buƙatar minti goma don azahar. Ba wanda ya ɗaga min gira. Wadda ta yi nauyin baki ita ke shan wahala.

Ki sa ƙananan kuɗaɗe a lissafi, don su ke cinye mutum: allurai, gwajin tarin fuka, binciken tarihin laifi, inshora, da mota, tunda ana iya tura ki asibitin da bas ba ya zuwa. Bizar ɗalibi awa 20 a mako ta yarda ki yi aiki a cikin makaranta, kuma a watannin horo ko ƙarfin hakan ba za ki samu ba. Fita horo wajen makaranta ma sai ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya sa miki hannu.

Ki turo min sakamakonki na shekara huɗun, in duba ko kin yi kimiyyar sinadaran jiki da ta ƙwayoyin cuta, don su aka fi tambaya. Ki gaida Mama, ki ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.