Hukuncin kiwon fararen kyanwoyi don sayarwa

Tambaya: Malam, ina kiwon kyanwoyi 'yan asali. Masu saye sun fi son farare masu shuɗin ido, shi ya sa nake haɗa farin muzuru da farar kyanwa. Wasu 'ya'yan suna fitowa kurame, wasu kuma bakin kunnensu yana gyambo. An ce min kuɗin kyanwa haramun ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahi, wassalatu wassalamu ala Rasulillah. Ɗan'uwa, kiwon kyanwa halal ne, zaɓen launi ma babu laifi.

Wanda ya ce maka haramun ne ya dogara da hadisin Jabir a Sahihu Muslim, inda aka hana kuɗin kare da na kyanwa. Ibnu Hazm ya tafi a kan haka, Ibnul Ƙayyim ya ƙarfafa shi. Sai dai mazhabobi huɗu, a mashhurin zancensu, sun halatta. Imamu Nawawi ya ɗauki hanin a kan kyanwar da ba ta da amfani, ko a kan karhanci, don mutane su saba da bayar da ita kyauta. Kyanwa ba najasa ba ce, ana mallakarta, ana amfana da ita, me zai fitar da ita daga abin da ake sayarwa? Wanda ya bari don tsentseni ya kyauta, amma kada ya mayar da jumhur, wato mafi yawan malamai, masu cin haram.

Inda hukuncinka ya canza shi ne faɗinka "suna fitowa kurame". Ka gani, ka sani. Ƙwayar halittar da ke rinjaye ta mayar da gashi fari ita ce ke tafe da kurumta, musamman idan idanu biyun shuɗaye ne. Fatar kunne da ta hanci kuma ba ta da launin da zai kare ta daga rana, sai ta yi ja, ta yi ɓawo, gyambon ya iya zama ciwon daji. Maimaita haɗin da ka tabbatar yana haifar da wannan, don kuɗi kawai, cutar da dabba ne, bai halatta ba. Sayar da kurma ba tare da bayyana aibin ba kuwa ha'inci ne, mai saye yana da damar dawo maka da ita.

Ka kai masu gyambon wajen likitan dabbobi tun da wuri, ka hana fararen kwanciya a rana tsaka. Kurma kada ta fita waje, ba ta jin mota. Waɗanda ka riga ka sayar wa, ka neme su ka faɗa musu gaskiya, ko da za a rage maka kuɗi.  Wallahu a'alam.